Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Agajin Shari'a Ta Najeriya: Ku Riga Takardar Sulhu Isa Gadon Asibiti

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da lauyoyin da ke aiki ƙarƙashinka a jihohi, ni malamin firamare ne a Kano, shekarata 24 ina riƙe da alli. Ban taɓa rubuta wa wata hukuma wasiƙa a bainar jama'a ba. Abin da ya tayar da ni yau ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da wata takarda da ya dangwala wa yatsa yana kwance a gadon asibiti, ni kuma na sa hannu a ƙasa a matsayin shaida.

Tela ne. A daminar 2023 ya taso daga Kantin Kwari da yadin mutane ɗaure a bayan babur ɗinsa, wata tifa maƙare da yashi ta bar hannunta a titin Zariya ta bi ta kansa. Waɗanda suka gani sun ce direban yana ƙoƙarin wuce wata motar ne, birki ya ƙi. Ƙafar dama ta murƙushe, wadda yake taka keken ɗinki da ita tun yana ɗan shekara 15. Likitoci sun yi kwana 9 suna fafutukar ceto ta. A rana ta goma suka kira ni gefe, aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Amma tun a rana ta huɗu, kafin kowa ya san ƙafar za ta tafi, baƙi sun zo mana. Akwai wakilin mai motar, da mutum biyu daga ƙungiyar direbobi, da wani dattijon unguwarmu da ba ma iya haɗa ido da shi saboda girma. Sun zo da lemo da ayaba da ambulan. Ba su yi mana tsawa ba, ba su raina mu ba, kuma har yau ban ɗauke su mugaye ba. Suka yi jaje, suka ce ƙaddara ta riga fata. Suka ce direban yana tsare a caji ofis, matansa biyu da yara bakwai ba mai ba su abinci, motar ma an riƙe ta. Dattijon ya dafa ni ya ce, "Malam, kai ne babba. Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, a yi haƙuri a yafe." Cikin ambulan akwai naira 300,000. A aljihuna kuma akwai takardar magunguna da kayan tiyata da aka rubuto mana da safe, ba mu da kuɗin rabinta.

Suka fito da takarda bugun na'ura, da Turanci. Ƙanena Hausa da ajami yake karantawa, kuma allurar kashe zafi ba ta sake shi ba. Ni ne na karanta. Yallaɓai, na gane kowace kalma a cikinta, nauyinta ne ban gane ba. Ta ce mun karɓi kuɗin a matsayin biya na ƙarshe, ba mu da sauran wani haƙƙi a kan direba ko mai mota, yanzu ko nan gaba. Na ɗauka takarda ce ta a saki direba ya koma ga iyalinsa, kuma ina son a sake shi. Na kama yatsan ƙanena da hannuna na dangwala.

Kuɗin ya ƙare kafin a sallame mu. Rasiɗan da na iya adanawa kaɗai sun haura naira miliyan ɗaya, ban da na jini da na abinci da na zirga-zirga da ba wanda ya ba mu shaidarsu. Ƙanena ya sayar da injin surfani da ya yi shekara uku yana adashi kafin ya saya. Matarsa ta sayar da 'yan kunnen da aka yi mata na aure. Mahaifiyarmu ta aiko da kuɗin awakinta daga ƙauye, ta hana a gaya masa. Babban ɗansa ya bar aji biyu na ƙaramar sakandare ya koma shago yana haɗa maɓalli.

Wata 11 bayan haka wani tsohon ɗalibina, wanda Allah ya yi ya zama lauya, ya zo gaishe ni da Sallah. Ya ga ƙanena a zaure da sanduna, ya ji labari, ya yi mini tambaya uku. Kuna da lambar motar? Kun karɓi rahoton 'yan sanda? Wane kamfani ne ya yi wa motar inshora? Ta farko kaɗai na iya amsawa. Ta ukun ma ban san tana da alaƙa da mu ba. Bayan mako biyu ya dawo da kwafin takardun da ke cikin fayil ɗin 'yan sanda, ya zauna a kan tabarma ya yi shiru kafin ya yi magana. Tifar tana da inshora ta gaskiya, daga kamfani mai rajista, kuma ba ta ƙare ba a ranar da abin ya faru.

Ranka ya daɗe, kai ka san ma'anar wannan fiye da ni, amma bari in faɗe ta saboda masu karatu irina. Tun 1945 akwai doka a ƙasar nan da ta wajabta wa duk mai abin hawa ya yi inshorar da za ta biya mutumin da motarsa ta raunata ko ta kashe. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin: motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, babbar motar dakon kaya 100,000, Adaidaita Sahu 5,000, babur 3,000. Ta kuma ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiya, zuwa miliyan 3 ga motar gida, miliyan 5 ga babbar mota. Wannan iyakar ta dukiya ce kawai. Rai da rauni ba a yanka musu iyaka ba, abin da aka daidaita a kai ko kotu ta yanke shi ne kamfani zai biya. Wato kuɗin tiyatar ƙanena da ƙafar roba da asarar sana'arsa suna da mai biyansu tun ranar farko, an ma riga an biya shi ladan ɗaukar nauyin. Kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da muka sami mai motar. Dattijo ne mai tifa biyu. Ya rantse mana shekara da shekaru yana sabunta takardar, bai taɓa neman ko sisi da ita ba, domin a saninsa takardar wuce shinge ce, ta nuna wa ɗan sanda da ɗan rodi sefti. Naira 300,000 ɗin ma rance ya ci. Na yarda da shi. To wa muka yafe wa ke nan? Direba sakinsa kawai yake so. Mai mota ya yi asarar da bai kamata ya yi ba. Wanda ya ci ribar haƙurinmu da hawayen mahaifiyarmu kamfani ne da bai san sunan ƙanena ba, bai aiko ko da gaisuwa ba, kuma yanzu yana riƙe da hujja biyu a kanmu: ba a sanar da shi da wuri ba, an kuma yi sulhu ba da izininsa ba.

Maganar tana gaban shari'a. Lauyanmu yana dogaro da cewa an dangwala takardar kafin a san girman raunin, mai ita yana cikin magani, kuma ba a rubuta cewa an karanta masa an fassara masa da harshen da yake ji ba, alhali akwai dokar da ta tanadi haka don kare wanda bai iya karatun takardar da aka ba shi ba. Ya gaya mana gaskiya cewa shari'a mace ce mai ciki. Ba don ka sa baki a tamu na rubuto ba. Na rubuto ne saboda a kwana 40 da na yi ina jinya na ga irin wannan tawagar ta shigo ɗakin nan fiye da sau goma, da lemo da ambulan da takarda, kuma ko sau ɗaya ban ga wani ya shigo ya ce wa majinyaci, "Dakata, ga abin da doka ta ba ka" ba.

Ban taɓa zuwa ofishinku aka juya mini baya ba. Ban ma san kuna nan ba, wannan ita ce maganar. Sai daga baya na ji cewa an kafa hukumarku tun 1976, kuma dokarku ta 2011 ta ambaci neman diyyar haɗari ƙarara cikin shari'o'in da za ku tsaya wa talaka kyauta. Na tambayi malaman makarantarmu 17, mutanen da ake kawo wa wasiƙa su karanta a unguwa, biyu ne suka taɓa jin sunanku, su ma sun ɗauka aikinku fito da fursunoni ne kawai. Idan haka malamai suke, ina ga mai tura baro da mai tallar awara?

Kuma jama'ar ba kaɗan ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce a 2024 an yi haɗari 9,570 a hanyoyin ƙasar nan, mutum 5,421 sun rasu, 31,154 sun ji rauni. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Wanda aka kwasa daga bakin titi kai tsaye zuwa gidan mai ɗori ba ya cikin lissafi. Idan babban abu ya faru, kamar tankar da ta kama da wuta a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, ko motar 'yan wasan Kano da ta faɗa gada a hanyar Zariya a ƙarshen Mayun 2025 suna dawowa daga Ogun, gwamnati takan zo, a yi ta'aziyya, a ba da tallafi, kuma Allah ya saka wa masu yi. Amma mafi yawan haɗurra na mutum ɗaya ne ko biyu, ba kyamara, ba gwamna. Tela ɗaya, ɗan makaranta ɗaya, mace ɗaya mai goyo da ta zo tsallaka titi.

Na san hukumarku tana da tsarin aika lauyoyi caji ofis su ga waɗanda aka tsare, don kada a zalunce su kafin a kai su kotu. Tsari ne mai kyau, kuma direban da ya buge ƙanena ya cancanci a kare masa haƙƙinsa. Sai dai ka duba yadda abin ya kasance: wanda ya yi bugun akwai hanyar da lauya zai same shi a inda yake tsare, akwai ƙungiya a bayansa, akwai mai mota da ke son motarsa ta fito. Wanda aka buge yana kwance da ƙarfe a ƙafa, shi da ɗan'uwansa da ya kwana uku bai runtsa ba. Lauya mai zaman kansa kuma ba zai iya zuwa ba ko yana so, domin ƙa'idar aikinsu ta hana su bin waɗanda suka ji rauni suna neman a ba su shari'a. Na fahimci hikimar hanin, ba ma son asibiti ya zama kasuwar 'yan kamasho. Amma sakamakonsa shi ne ba wanda ya rage da zai iya tsayawa a bakin wannan gadon da hannu mai tsabta sai ku.

Don haka babban roƙona shi ne ku kai tebur asibiti. Ku fara da inda ake kai masu karaya: Asibitin Ƙashi na Dala, Asibitin Murtala, Asibitin Malam Aminu Kano, asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da takwarorinsu a Sakkwato da Maiduguri da Bauci. Ko kwana biyu ne a mako. Mutum ɗaya mai jin Hausa ya zaga ɗakin 'yan haɗari gado-gado, ya yi wa kowa tambayoyin nan uku da ɗalibina ya yi mini, ya gaya wa mai jinya ya adana kowane rasiɗi ko na auduga ne, domin kotu ba ta biyan kuɗin da aka kashe sai da shaida. Ya gaya masa ya nemi rahoton likita da na 'yan sanda da na jami'in duba lafiyar mota, ya riƙe lambar wayar waɗanda suka ga abin kafin su watse. Sama da komai ya ce masa kada ya dangwala wa kowace takarda hannu sai an karanta masa ita. Da na sami wanda ya faɗa mini wannan jimlar guda a rana ta uku, da babban ɗan ƙanena yana aji yanzu.

Za a ce ba ku da isassun lauyoyi, kuɗin da ake ware muku kuma bai taka kara ya karya ba. Na yarda, ni ma ma'aikacin gwamnati ne. Amma aikin zagayen nan ba sai babban lauya ba. Dokarku ta ba ku damar aiki da lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, da mataimakan lauyoyi da kuka horar, da cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i. Ga ɗaliban shari'a a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, ga Makarantar Horar da Lauyoyi a Bagauda, 'ya'yanmu ne, Hausa suke yi a gida. Dokar ta kuma ce mai neman muƙamin babban lauya na ƙasa, wato SAN, sai ya nuna shari'o'in da ya yi kyauta. Ku tara fayilolin 'yan haɗari ku miƙa musu. Wanda shari'arsa ke da ƙarfi kuma, a sanar da shi cewa halal ne a doka ya yi yarjejeniya a rubuce da lauya a kan wani kaso na abin da aka samu, ba sai ya biya tun farko ba. Mutane da yawa tsoron kuɗin lauya ne ya zaunar da su.

Akwai kuma sharaɗin da ke cikin dokarku, cewa wanda za ku taimaka wa kada samunsa ya wuce mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Ina roƙo a auna samun mutum daga ranar da aka buge shi. Ƙanena a watan azumi yana samun abin da ya fi albashina. Daga ranar da tifa ta taka shi samunsa ya koma babu. Dokar ta ba hukumarku ikon duba yanayi na musamman, ku yi amfani da shi a nan.

Yanzu bari in taɓa inda na fi jin nauyi, wato maganar addini, domin da ita aka rufe mana baki, kuma da ita ake rufe bakin mafi yawanmu. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Ƙanena bai taɓa cewa don me ba. Amma Allah da ya ƙaddara shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, ya ce wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai kaffara a kansa da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan sun yi sadaka da ita. Kuskure aka ce, ba ganganci ba. Diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kimanin kilo huɗu da kwata na zinariya, ƙafa ɗaya kuma rabin haka. A Risala, wadda muka karanta a zaure muna yara, an ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai a 1993 ta ɗora haɗarin mota a kan waɗannan ƙa'idoji. Shari'a ma ba ta bar mai kuskure shi kaɗai da nauyin ba, ta raba shi a kan danginsa, don kada a gyara gida ɗaya a rushe wani.

Yafiya alheri ce babba, ba na jayayya. Amma sadaka sai da abin da ka san ka mallaka. Wanda aka zo wa yana cikin zafin ciwo, bashin magani a kansa, dattijon da yake jin kunya a tsaye, bai san me ake bin sa ba balle me yake bi, wannan ba a ce ya yafe ba. Ya fi muni idan rasuwa aka yi. Diyya gado ce, akwai rabon marayu a ciki, kuma na ga kawu ya yafe ta a zaman makoki tun kafin sadakar uku, matar mamacin tana cikin ɗaki ba wanda ya tambaye ta. Bayan shekara ka ga yaran a bakin danja. Ina roƙonku ku zauna da malamai da limaman Juma'a da Hukumar Hisba da masu unguwanni, waɗanda su ne ake kira idan za a yi sulhu, ku fahimtar da juna. Ana iya neman a sassauta wa direba, a sake shi ya koma ga iyalinsa, ba tare da an rubuta cewa an zubar da haƙƙin jinya da diyya ba. Magana biyu ce daban, mu ne muke haɗa su a takarda ɗaya saboda rashin sani. Wanda kuma yake ƙyamar inshora don shakkar halaccinta, a gaya masa NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yin ta bisa tsarin Musulunci.

Da za ku buga takardar sulhu guda ɗaya ta misali, Hausa a gefe, Turanci a gefe, har da ajami, wadda ke da gurbin sunan kamfanin inshora da lambar takardarsa, wadda ta ce kuɗin da aka bayar yau na fara jinya ne, sauran magana sai likita ya faɗi matsayin raunin, ku raba ta ga caji ofis da tashoshin mota da fadar masu unguwanni, da kun rage rabin ɓarnar. Mutanenmu ba sa son kotu, kuma ba dole sai an je ba. Kano tana da zauren sasanci a ƙarƙashin babbar kotu tun 2009, inda za a iya kiran kamfanin inshora ya zauna a yi magana a rubuta.

Sauran abin da zan faɗa ba a hannunku yake kai tsaye ba, amma muryarku ta fi tamu isa. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshora a kan hanya bisa umarnin Sufeto Janar. To tunda an tilasta wa mai mota ya saya, a cika ɗaya rabin: duk ɗan sandan da ya rubuta rahoton haɗari ya sa sunan kamfanin inshorar a ciki, ya ba wanda aka buge kwafi ba tare da ya yi ta sintiri ba. Takardun bogi sun yi yawa, ana sayar da su a bakin ofisoshin lasisi, alhali da lambar mota kaɗai ana iya dubawa a waya ta *565*11# a ga ko ta gaskiya ce. Mutum nawa suka san haka? Masu gabatar da ƙara su ma a tuna musu cewa sashe na 78 na kundin Penal Code da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sun ba alƙali ikon ya sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutar, ba tarar da za ta shiga asusun gwamnati kaɗai ba. Asibitoci kuma a tuna musu sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wanda ya hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Matsin kuɗin daren farko shi ne ke tura mutum ya karɓi ambulan.

Sai wanda motar da ta buge shi ta gudu, ko aka kama ta ba inshora. A gadon da ke kusa da na ƙanena akwai wani almajiri ɗan shekara kamar 12 da mota ta kaɗe da asuba ta wuce. Mu masu jinya muke haɗa masa kuɗin allura. Sashe na 78 na tsohuwar Dokar Inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ya tanadi asusun da za a biya irinsa, wanda direban da ba a gane ba ko marar inshora ya kashe ko ya naƙasa. Sabuwar dokar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Agustan 2025 ita ma ta zo da tanadin asusun biyan waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Ina roƙon ku nemi NAICOM ta bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo, ƙofar da ake bi da takardun da ake kaiwa, ku kuma ku ɗauki fayil ɗin irin wannan yaron ku bi masa har ƙarshe, a ga an biya mutum ɗaya da idonmu. Labarin mutum ɗaya da aka biya zai zaga tashoshi da majalisu fiye da sanarwa ɗari.

A faɗa wa mutane kuma cewa haƙƙin nan yana da wa'adi. Mu muna cewa sai mai ciwo ya warke tukuna, sai an share makoki, sai bayan takaba, lokaci kuwa yana tafiya. Idan abin ya shafi jami'in gwamnati a bakin aikinsa, dokar da ke kare su wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara. Mai karaya a cinya bai ma fara taka ƙasa ba a wata 3.

Ƙanena yana nan da rai, alhamdu lillahi. Ya koyi taka keke da hagu, yana yin kwata na abin da yake yi da, idan an kawo wuta kuma wani maƙwabci yana ara masa mai lantarki. Bai taɓa yi mini maganar takardar nan ba, ko da wasa. Ni ne dai duk ranar da na ga yana ɗaura ƙafar roba nake tuna yadda na riƙe yatsansa.

Idan kun kafa teburin a Kano, ina da Asabar da Lahadi, ina kuma da dogon hutun makaranta. Ina jin Turanci daidai gwargwado, ina rubuta boko da ajami, na kuma san ɗakunan nan da lokacin da tawaga ke shigowa, wato bayan la'asar, sa'ad da likitoci suka tashi. Ku koya mini abin da zan faɗa, zan zaga gadajen.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Malamin firamare, yayan wani tela, daga Kano.